Tsohon Albarushi da Jiragen Yaƙin Tulon

Duk maharbin da ya taɓa ɗura bindigar toka ya san baƙin albarushi. Abu uku a ke haɗawa a yi shi, watau gawayi, da farar wuta, da wani irin gishiri wanda Turawa su ke kira salfita. Niƙa su kawai a ke yi a gauraya, ba wanda ya ke sake halinsa a cikinsu, saboda haka shekaru ba su cin wannan albarushi. Laima ce kaɗai maƙiyiyarsa. In ya sami wuri busasshe ya kan yi shekara ɗari da ɗoriya yana nan da ƙarfinsa. A cikin 2008 wani mai tara kayan tarihi a jihar Bajiniya ta Amurka ya rasa ransa sa'ad da ya ke goge wani harsashin igwa na yaƙin basasar ƙasarsu, alhali kuwa tun 1865 aka gama wannan yaƙi.

Aibin baƙin albarushi shi ne hayaƙi da dauɗa. Fiye da rabin abin da ya ƙone ba ya zama iska, sai ya tashi fari fat ya rufe fili, saura kuma ya lafe cikin bakin bindiga. In runduna biyu suka yi ɗan lokaci suna musayar wuta, sai kwamanda ya kasa ganin mutanensa, balle abokan gaba. Wannan ya sa sarakunan Turai suka daɗe suna neman abin da zai maye gurbinsa.

A cikin 1846 wani masani Bajamushe mai suna Christian Schönbein, wanda ya ke koyarwa a birnin Basel na ƙasar Suwizalan, ya tsoma auduga cikin ruwan asid iri biyu, ya wanke ta, ya shanya. Asid shi ne irin ruwan nan mai cin tufa da fata, kamar ruwan batir. Da audugar ta bushe, a ido ba ta sake ba, amma da wuta ta taɓa ta sai ta ɓace nan take, ba hayaƙi, ba toka. Aka sa mata suna audugar bindiga. Labari ya bazu, masu kuɗi suka yi rububin kafa ma'aikatu. Ba a daɗe ba murna ta koma ciki. Ran 14 ga Yuli, 1847, ma'aikatar da aka kafa a garin Faversham na Ingila ta tashi, mutum wajen 20 suka mutu, ba kuwa wanda ya iya faɗin abin da ya kunna wutar. Ingilishi suka janye hannu har shekaru. Mutanen Ostiriya suka ci gaba da gwadawa, su ma ɗakunan ajiyarsu suka yi ta fashewa, tilas suka bari.

Wanda ya fara gano bakin zaren shi ne Frederick Abel, masanin sinadarai na Ma'aikatar Yaƙi ta Ingila. Ya lura cewa kowane silin auduga kamar kara ya ke, da rami a cikinsa. Kome yawan wankin da aka yi, sauran asid ya kan maƙale cikin ramin, yana cin audugar daga ciki. Sai Abel ya ɗauko dabarar masu yin takarda. A cikin 1865 ya fito da hanyar da za a daddatsa audugar cikin ruwa har ta zama kamar ƙullu, sa'an nan a wanke. Wannan ya rage haɗarin ƙwarai, ko da ya ke bai kawar da shi ba.

Abel ya kuma ƙago awon da har yau a ke kira da sunansa. A kan sa ɗan albarushi cikin siririyar kwalba, a rataya wata 'yar takarda a samansa wadda aka shafa wa sitaci da gishirin aidin, a tsoma gindin kwalbar cikin ruwan zafi wanda bai kai tafasa ba. Mai awo ya zauna da agogo a hannu. In albarushi ya soma fid da tururin asid, sai wani layi mai launin ƙasa ya bayyana a jikin takardar. Mai kyau ya kan daɗe kafin layin ya fito, wanda ya soma lalacewa kuwa cikin 'yan mintoci kaɗan ya ke tona kansa. Awon yana da sauƙi, amma yana da rauni, gama daga baya an tarar cewa in aka barbaɗa ɗan gishirin zaiba cikin albarushi sai takardar ta ƙi sakewa, marar kyau ya wuce a matsayin mai kyau.

Duk da haka audugar bindiga ba ta yi amfani a cikin bindiga ba, domin saurin ƙunarta ya yi yawa, ta kan fasa bindigar kafin harsashi ya fita. Wani injiniya na gwamnatin Faransa, Paul Vieille, shi ya warware wannan a cikin 1884. Ya jiƙa audugar da sifirit da wani ruwa mai suna eta, irin wanda likitoci su ke shaƙa wa majiyyaci a dā kafin su yi masa aiki. Ta narke ta zama kamar danƙo, ya murza ta fale-fale, ya yayyanka, ya busar. Abin da ya fito tauri gare shi kamar ƙaho, wuta kuwa ba ta iya shiga cikinsa, sai ta bi ta bayansa tana ci sannu a hankali. Ta haka mai yi ya sami iko da saurin ƙuna: in yana son na ƙaramar bindiga ya yanka ƙanana, in na igwa ne ya yanka manya. Faransawa suka kira shi Albarushi B. Ƙarfinsa ya ninka na baƙin albarushi wajen sau uku, hayaƙinsa bai taka kara ya karya ba. A cikin 1886 suka fito da bindigar Lebel dominsa, sauran ƙasashe kuwa suka wayi gari bindigoginsu duka sun zama tsofaffin yayi.

Kowa ya tashi haiƙan. Alfred Nobel, mutumin Suwidin ɗin nan da a ke ba da kyauta da sunansa, ya yi nasa a 1887, ya haɗa audugar bindiga da wani mai mai fashewa da a ke kira naitirogilisarin. A 1889 Abel da James Dewar suka yi wa Ingila nata, suka matso shi dogo-dogo kamar igiya, aka kira shi kodayit. A cikin kowane kashi 100 na kodayit na fari, 58 wannan mai ne, 37 audugar bindiga, 5 kuwa basilin. Nobel ya kai ƙara cewa an sace masa dabara, shari'a ta kai har Majalisar Dattawan Ingila, a 1895 ya faɗi. Basilin ɗin nan an sa shi ne don ya rage dauɗa a bakin bindiga. Sai daga baya aka gane cewa wani aiki dabam ya ke yi wanda ya fi wannan amfani, watau yana ƙara wa kodayit kwana.

A nan ya kamata a fahimci bambancin da ke tsakanin sabon albarushin da tsohon. Shi marar hayaƙi ba gauraye ba ne, abu ne wanda asid ya sake wa hali, tun ranar da aka gama shi kuwa ya ke soma warwarewa. Kullum yana sakin wani tururi kaɗan kaɗan, wanda in ya yi yawa a kan gan shi ja-ja. In tururin ya gamu da laima sai ya koma asid, asid ya ci albarushi, albarushi ya ƙara sakin tururi. Kamar tumatir ne cikin kwando, ruɓaɓɓe ɗaya ya ɓata na kusa da shi, su kuma su ɓata na gaba. Har wa yau wannan ci yana haifar da zafi, zafi kuma yana ƙara masa sauri. Masana sun auna sun ga in zafin wurin ajiya ya ƙaru da digiri 10 na ma'aunin santigireti, saurin lalacewar ya kan ninka sau biyu ko uku. In albarushin kaɗan ne, zafin ya kan fice ta jikin gwangwani. In kuwa tari ne babba a rufaffen ɗaki, zafin ba shi da mafita, sai ya yi ta taruwa a tsakiya har wata rana wuta ta kama ba tare da kowa ya ƙyasta ashana ba. Manomin da ya taɓa tura hannu cikin tarin ɗanyar harawa ya ji ɗumi a ciki ya san irin wannan.

Faransawa ba su jahilci wannan duka ba. Sun riƙa zuba wani irin sifirit mai nauyi cikin Albarushi B don ya shanye asid, Vieille kuma ya tsara nasa awon, inda a ke gasa samfur a digiri 110 tare da shuɗiyar takarda, a ga tsawon lokacin da za ta ɗauka kafin ta koma ja. Amma sifirit ɗin ya kan tsere da kansa a wuri mai zafi, ɗakunan albarushi na jiragen yaƙi kuwa suna can ƙasa, kusa da tukwanen injin. Ran 5 ga Maris, 1899, da tsakar dare, ma'ajin albarushi na Lagoubran, kusa da tashar jiragen yaƙi ta Tulon, ya tashi ya share ƙauyen da ke gefensa, mutum fiye da 50 suka hallaka. Aka yi ta zargin maƙiya da 'yan ɓarna, maganar ta shiririce.

Bayan shekara takwas abin ya dawo. Iéna babbar manuwa ce, watau jirgin yaƙi mai sulke, an gama ta a 1902. A farkon Maris na 1907 aka shigar da ita gurbin gyara a Tulon, aka rufe ƙofa, aka zuƙe ruwan don a kankare gindinta. Ba a sauke albarushinta ba. Ran 12 ga wata, bayan ƙarfe ɗaya da rabi na rana, sai wuta ta tashi a wani ɗakin albarushi na wajen bayan jirgin, aka shiga jin fashewa bi da bi har fiye da sa'a guda. Dabarar da masu jirgi su ke da ita in wuta ta kama ita ce su buɗe famfo ruwan teku ya cika ɗakin albarushi. To, ga jirgi a busasshen rami, ina ruwa? Kwamandan wata manuwa mai suna Patrie, wadda ke kusa, ya sa aka harbi ƙofar gurbin da igwa don ruwa ya shigo, harsashin ya goce bai huda ta ba. Wani saurayin hafsa mai suna Roux ya je ya buɗe magudanun ruwa da hannu tare da waɗansu, ɓaraguzan jirgin suka same shi a wurin suka kashe shi. Mutum wajen 120 suka mutu a ranar.

Abin da ya biyo baya bai yi wa gwamnatin Faransa kyau ba. A ƙasar, hukuma ce kaɗai ta ke yin albarushi, ma'aikatun kuwa suna ƙarƙashin Ministan Yaƙi, sojan ruwa karɓa kawai su ke yi. Saboda haka masu yi suka ce laifin masu ajiya ne, masu ajiya suka ce laifin masu yi ne. Waɗansu suka ce maƙarƙashiya ce, har aka sami masu cewa iskar wayar-iska ce ta kunna wutar, domin a lokacin sabon abu ce. Kwamitin Majalisar Dattawa ya ɗora laifin a kan Albarushi B. A cikin Oktoba 1908 wani ɗan majalisa mai kaifin baki, Théophile Delcassé, ya tasam ma Ministan Sojan Ruwa, Gaston Thomson, har ya sauka daga kujerarsa. Minista ya tafi, amma tsohon albarushi yana nan cikin jirage.

A watan Maris na 1911 aka ba Delcassé kansa wannan kujera. Bai cika wata bakwai a kai ba sai ga abin da ya fi na Iéna muni. Liberté sabuwar manuwa ce, shekararta uku da fara aiki, tana tsaye a tashar Tulon tare da sauran jiragen rundunar. Kwamandanta, Louis Jaurès, ƙanen shahararren ɗan siyasan nan Jean Jaurès, yana hutu. Da asubar 25 ga Satumba, wajen ƙarfe biyar da rabi, hayaƙi ya turnuƙe daga ɗakunan albarushi na gaba. A wannan karo ga ruwa ko'ina, amma wuta da hayaƙi mai guba sun tare hanyar zuwa wurin famfunan. Sauran jirage suka sauke kwalekwale cike da mutane don kai gudunmawa. Saura minti bakwai ƙarfe shida ya cika, gaban jirgin duka ya tashi. Wani ɓangaren sulke mai nauyin tan 37 ya yi tafiyar yadi fiye da 200 a sama ya faɗa kan manuwa République. Mutum kusan 300 suka mutu, da yawansu daga cikin masu kawo taimako ne. Ran 3 ga Oktoba aka yi jana'izarsu, Shugaban Ƙasa Armand Fallières yana wurin. Gawar jirgin ta zauna a tsakiyar tashar har 1925 kafin a ɗauke ta.

Binciken da aka yi a wannan karo ya tono abubuwa. Shugabannin ma'aikatun albarushi biyu na yankin Biritani, Maissin da Louppe, sun daɗe suna gaba, suka fito fili suna jifan juna da zargi, ɗayan yana cewa da ƙazamar auduga a ke aiki. Aka sauke su duka biyu. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne al'adar da a ke yi don tsimin kuɗi. In albarushi ya tsufa ba a zubar da shi, sai a mai da shi ma'aikata a sake jiƙa shi, wani lokaci a cuɗa shi da sabo, a fito da shi da sabuwar shekara a jikin akwati. Hafsan da ya karanta lambar akwatin ya ɗauka ɗan shekara biyu ya ke riƙe da shi, alhali akwai tsoho tukuf a ciki. Awon Vieille kuma ba ya iya kama wannan, domin tsinke kaɗan a ke zarowa daga babban tari, in aka yi sa'a aka zaro masu lafiya sai a shaidi tarin duka. Wuta kuwa ba ta bukatar tarin duka ya lalace, tsinke ɗaya ya ishe ta. Aka ba da umurni a sauke tsohon albarushi daga jirage, aka zuba mai yawa cikin teku.

Maganin ya riga ya samu tun kafin waɗannan mutane su mutu, wannan ne abin takaici. Tun 1889 Nobel ya ambaci wani sinadari mai suna difenilamin, Jamusawa kuma sun daɗe suna amfani da shi. Kashi ɗaya cikin ɗari ya isa. Aikinsa shi ne ya cafke jan tururin nan da zarar ya fito, kafin ya zama asid. Bayan waɗannan hasarori Faransa ta koma gare shi. Jamusawa suka ƙara fito da wani mai suna santaralit, wanda ya fi dacewa da albarushi mai naitirogilisarin. Sai dai a lura, waɗannan sinadarai ba su hana albarushi warwarewa, tsare shi kawai su ke yi daga cin kansa, su kuma suna ƙarewa a cikin aikin. Ranar da mai gadin ya ƙare, albarushi ya koma halin Albarushi B.

Ingilishi sun yi wa Faransawa kallon sakarkaru, suna taƙama da kodayit, amma Yaƙin Duniya na Farko ya nuna musu su ma ba su tsira ba. Ran 26 ga Nuwamba, 1914, manuwa Bulwark ta fashe kusa da Sheerness da mutum fiye da 700, masu bincike suka ce an jingina ƙunsoshin kodayit ne kusa da bangon ɗakin tukwanen injin. Ran 30 ga Disamba, 1915, Natal ta kife a Cromarty sa'ad da kwamandanta ya gayyaci matan hafsoshi da 'ya'yansu kallon majigi. Ran 9 ga Yuli, 1917, da dare, Vanguard ta tashi a Scapa Flow, mutum 843 suka tafi. Ba maƙiyi ko ɗaya da ya harbi waɗannan jirage. Japan ma ta yi hasarar Kawachi ta wannan hanya a 1918. 

A yau sojoji ba su dogara ga takarda mai sake launi kaɗai ba. Su kan ɗebi samfur daga kowane rukuni lokaci lokaci, su narkar, su sa cikin na'urar da ke rarrabe sinadarai, ta faɗa musu adadin mai gadin da ya rage. A ƙa'idar sojan Amurka, in ya gaza kashi 0.2 cikin ɗari, ba a ƙara ajiye wannan rukuni, hallaka shi a ke yi.

Akwai kuma waɗansu mutane da wannan magana ta shafa, ba su kuwa da irin wannan na'ura. A Amurka da waɗansu ƙasashe inda doka ta yarda, maharba da masu gasar harbi su kan tara kwanson harsashin da suka harba su sake ɗura shi da hannunsu a gida. Wannan sana'a ta bunƙasa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da gwamnati ta ga albarushi ya yi mata yawa. A 1947 wani mutumin Kansas mai suna Bruce Hodgdon ya sayi laba 50,000 na rarar albarushin soja, irin mai lamba 4895, ya ajiye cikin tsohon taragon jirgin ƙasa, ya riƙa sayarwa kaɗan kaɗan. Kamfanin da ya kafa yana nan har yanzu. Saboda haka ba abin mamaki ba ne mutum ya gaji gwangwanin albarushi daga ubansa ko kakansa, ya tsaya yana tunani ko zai yi amfani da shi.

Shekaru kaɗai ba su yanke hukunci. An sha samun gwangwani ɗan shekara 50 lafiya lau domin a ɗaki mai sanyi ya zauna, an kuma ga wanda bai kai rabin haka ba ya lalace don an bar shi ƙarƙashin rufin kwano. Abin da masu yin albarushi su ke ba da shawara shi ne a fara da hanci. Mai lafiya ƙanshin sifirit ko na eta ya ke yi, in ya tsufa ma wani lokaci ba ya warin kome, wannan ba aibi ba ne. Wanda ya soma ruɓa kuwa wari gare shi mai tsami, mai yaji, yana harbin hanci da idanu. Sa'an nan ido. A kan zuba kaɗan bisa farar takarda, nesa da wuta. In aka ga gari ja kamar tsatsa, ko ƙwayoyin sun manne da juna, ko suna naso, ko suna marmashewa, ko wani jan tururi ya taso sa'ad da aka buɗe murfi, to, magana ta ƙare. Gwangwanin ma shaida ne: tsatsa daga ciki, ko murfi da ya cinye, ko jiki da ya kumbura. In kuwa an taɓa shi an ji ɗumi alhali ba a rana ya ke ba, wannan ya kai matakin da Liberté ta kai da ƙarfe biyar na asuba, ba a kwana da shi a gida. Harsashin da aka riga aka ɗura shi ma ya kan nuna, domin asid yana cin tagulla daga ciki, sai a ga kore-kore a wuyan kwanso ko tsaga a jikinsa.

Mutane da yawa suna zaton lalataccen albarushi rauni kawai ya ke yi, iyakarsa ya ƙi tashi. Wani lokaci haka ne, har harsashi ya maƙale a bakin bindiga, na biye ya zo ya same shi. Amma sau da yawa akasin haka ne. An shafe ƙwayoyin da wani abu mai rage saurin ƙuna, girmansu kuma a aune ya ke, kamar yadda Vieille ya tsara tun farko. In shafen ya lalace, ko ƙwayoyin suka farfashe, sai wuta ta cinye su gaba ɗaya, ƙarfin ya wuce abin da ƙarfen bindiga zai ɗauka, fuskar mai harbi kuwa tana taƙi ɗaya daga wurin.

Hanci da ido suna iya kayar da albarushi, amma ba su iya wanke shi sarai, gama sai lalacewa ta yi nisa su ke ganinta. Ba su faɗin ko saura nawa mai gadin ya ƙare. Don haka masu hankali a cikin wannan sana'a su kan duba ajiyarsu a kai a kai, ba sau ɗaya ba. Ba su juye albarushi daga gwangwaninsa na asali, domin an yi shi ne yadda zai buɗe da sauƙi in wuta ta kama, akwatin ƙarfe mai ƙarfi kuwa bam ya ke zama. Ba su cuɗa tsoho da sabo, kuskuren da ya ci jiragen Tulon ke nan. Wanda takardar jikinsa ta ɓace kuma ba a amfani da shi ko da yana da lafiya, domin iri fiye da ɗari ne a kasuwa, da yawa kamarsu ɗaya a ido, alhali awon da ya dace da wani zai tarwatsa bindiga in aka yi shi da wani. Wannan dalili ne ya sa zuba albarushin harsashin zamani cikin bindigar toka ya ke kashe maharba. Bututun da maƙeri ya yi don baƙin albarushi ba ya ɗaukar ƙarfin marar hayaƙi, sabo ne ko tsoho.

Rabuwa da lalataccen albarushi aikin masana ne, 'yan sanda ko sojan da aka horar su ke karɓa su ƙone shi a fili. A dā gwamnatoci teku su ke zubawa. Ingila kaɗai ta zuba makamai da aka ƙiyasta sun haura tan miliyan ɗaya a wani kwazazzabo na ƙarƙashin ruwa mai suna Beaufort's Dyke, tsakanin Sikotilan da Ailan, kafin yarjejeniyar ƙasashe ta hana wannan. Sanyin ƙarƙashin teku kuwa ya adana abin da aka so a hallaka. Har yanzu igiyar ruwa ta kan turo sandunan kodayit bakin gaɓa a waɗansu wurare na Ingila da Sikotilan, masu yawo su tsinta suna zaton busasshiyar taliya ce, in ta sha iska ta bushe kuwa tana kama wuta.